Ka Gaya wa Mai Saye An Gyara Shi

Umarari, Maiduguri.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka tun daga hanyar Damaturu har ka sauka a Legas, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa ka fita a sa'a. Na ba mahaifiyarka ta saka maka ita a jaka, na kuma ce ta jaddada maka ka karanta tun kana mota, kada ka bari sai ka sauka.

Ka san halina. In ana kallon fuskata, doguwar magana ba ta fita daga bakina, sai faɗa ko shiru. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Magana ɗaya ce ke ci mini rai, kuma zan faɗe ta tun yanzu don kada ka yi ta nemanta a cikin surutun tsoho. Littafin zanen nan da na gyara maka, wanda za ka kai wa mutumin Legas ya saya, ina so ka gaya masa an gyara shi kafin ya sa hannu a aljihu. Na san abin da za ka ce, ka riga ka faɗa mini. Ka yi haƙuri ka saurari yadda muka zo nan, domin mafi yawan laifin nawa ne.

Kakanka da ka ci sunansa ya zo nan Yerwa daga Kano da basilla da wuƙar fata, ba shi da komai bayan su. A rumfarsa na tashi, a nan na koyi ɗinka gafaka da tadarishi, wato jakar fata da bangon da ake adana Alƙur'ani rubutun hannu a ciki. Tun ina yaro abin da na sani game da littafi ke nan: abu ne mai nauyi da ake wanke hannu kafin a taɓa. To sai ga ka wata rana, kana 'yan shekarun makarantar sakandare, ka shigo da wasu 'yan siraran takardu masu launi da ka tsinto wurin masu gwanjon littattafai, kana ce musu komik. Na karɓi ɗaya na duba. Wani ƙato ne yana tafiya a sararin sama, an ɗaura masa ƙyalle a wuya kamar wanda wanzami zai yi wa aski. Na ce maka, a gaban abokan hirata, "To Abba, wannan ƙaton da ya sa kamfai a kan wando, shi zai ciyar da kai?" Aka yi dariya. Kai ma ka yi yaƙe, ka tattara ka shige ɗaki.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma na daɗe a kansa. Ban taɓa zama na tambaye ka me ke ciki ba. Sau da yawa ka so ka yi mini bayani, musamman lokacin da wani baƙo ma'aikacin agaji zai bar gari ya sayar maka da kwalinsa gaba ɗaya. Ka zo rumfa jikinka na rawa. Kana cewa ba duka ne darajarsu ɗaya ba, fitowar da jarumi ya fara bayyana a cikinta ita ake nema, balle in kaɗan aka buga. Kana cewa masu tarawa suna duba gefen takarda da kusurwa da 'yan ƙarafan nan biyu da ke riƙe tsakiya, har ana aikawa ƙasar waje masana su duba su ba da maki, su rufe littafin a cikin roba mai tauri. Ni kuwa kunnena ɗaya na kan rediyo, ina cewa "to, to" ina yankan fata. Da na ba ka kunnuwana biyu a ranar, da ba a yi abin da ya biyo baya ba. Inda za ka, za ka ga mutane suna cin abinci da sana'o'in da za su ba ka dariya. Kada ka yi dariyar sai ka tambaya, in ka tambaya kuma ka tsaya ka ji amsa.

Na biyun ya fi zafi, ka san shi, amma ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba.

Da ka tafi bautar ƙasa, gidan ya yi mini faɗi. Wata rana na shiga ɗakinka neman tabarma, na ga ƙaramin akwatin da ka ware, kowane littafi a cikin ledarsa da kwali a bayansa. Sai tausayi ya kama ni. Na ce yaron nan yana son abin nan tsakani da Allah, ni kuma ban yi masa komai ba sai ba'a. Ga su nan tsirara a leda kamar kayan miya. A wurinmu, littafin da ake girmamawa sutura ake yi masa. Na ce bari in nuna wa ɗana cewa na daraja abin da ya daraja, da abin da hannuna ya iya.

Ban taɓa na manyan kwalaye ba. Na akwatin nan na ɗauka, tunda na ga su ka fi ji da su. Na zare ƙarafan tsakiya ɗaya bayan ɗaya, na jera su, na huda, na ɗinke su wuri ɗaya da zare mai ƙarfi. Da na ga gefensu bai daidaita ba, na sa wuƙa na datse shi ya yi sumul. Na zaɓi jar fatar akuya mafi kyau da nake da ita, wadda na daɗe ina ɓoyo, na yi bango, na zana sunanka a kai da ƙarfe mai zafi. Mahaifiyarka ma ta sa hannu, ta turara shi da ka'aji, turaren wutar da take ajiyewa don manyan baƙi, har ƙamshin ya kama takardun. Ina aikin ina jin daɗi, Abba. Ban taɓa ɗinka wani abu da farin ciki irin na wannan lokacin ba.

Ranar da ka dawo, na jira sai da maƙwabta suka taru yi maka barka da zuwa, sannan na fito da shi. Maƙwabcinmu Ba Modu ya karɓa yana jujjuyawa yana cewa, "Wushe, Malam Garba, sannu da aiki! Wallahi ko littafin Shehu sai haka." Na miƙa maka. Ka buɗe, ka duba gefen da na datse, ka shafa shi da babban yatsa. Sai ka durƙusa ka ce, "Na gode, Baba. Ya yi kyau." Ni kuma na ɗauka daɗi ne ya hana ka doguwar magana.

Sai bayan kwanaki mahaifiyarka ta same ni ina alwala, ta tsaya a kaina.

"Malam, ka san abin da muka yi kuwa?"

Na ce, "Me muka yi?"

Ta ce, "Yaron nan ba ya cin abinci. Na matsa masa, ya ce littattafan da ka ɗinke su ne jarinsa duka. Wai akwai ɗaya a ciki, na wata jaruma, da shi kaɗai zai iya kama masa shago. Yanzu ko kyauta masu sayen ba za su karɓa ba. Ya ce in na gaya maka bai yafe ba, amma ni ba zan iya riƙewa ba."

Butar na hannuna har ruwan ya ƙare ban sani ba. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da sanina na zaɓi mafi daraja, don in fi kyautata maka.

Daga wannan ina so ka riƙe abu biyu. In za ka yi wa mutum alheri a kan kayansa, ka fara tambayarsa, ko da kana ganin ka fi shi sani, balle in kana ganin hakan. Na biyu kuma naka ne. Kunyar da ka ji ta gidanmu ce, kuma Allah Ya yi maka albarka da ba ka tozarta ni gaban mutane ba. Amma da ka same ni mu biyu ka ce, "Baba, ka yi mini ɓarna," da na ba ka haƙuri tun a lokacin, da an wuce wurin. Ka yi shiru, ni ma girman kai ya sa na yi shiru, muka ci gaba da gaisawa kullum safe abin na tsakaninmu. To yau na faɗa: na yi maka ɓarna, ka yafe mini. Kada ka ɗauki irin wannan shirun ka kai cikin sana'a ko gidan aurenka.

Tunda na yi maganar takarda, bari in faɗi ɗan abin da na sani, don ko ban san jarumanka ba na san takarda. A nan zafi ne abokin gabanta, yana busar da ita ta yi ja ta karye. Can kuwa danshi ne. Kada ka ajiye kwali a ƙasa, kada ka jingina shi da bango, ka riƙa buɗewa kana sansanawa, hanci yana riga ido jin ruma. Batun farashi kuma, na lura da kai. Da an yi raɗe-raɗin za a yi fim da wani jarumi, sai ka rasa barci, ka kwashi kuɗi ka saya, in zancen ya bi iska ka zauna kana tsaki. Ni ma na taɓa cika ɗaki da fata saboda wani ya ce mini manyan masu saye na tafe. Gari ya rikice, masu rubutu suka watse, fatar ta bushe a hannuna. Kada ka zuba abin da za ka ci a kan jita-jita, kuma ka riƙe wasu don kana son su kawai, waɗanda ko farashinsu ya faɗi ba za ka ji haushin ganinsu ba.

Yanzu ga kuskure na uku, wanda bai tsufa ba, kuma shi kaɗai ne har yanzu ake iya tarewa.

Na ga wahalar da ka sha kafin ka sake mallakar fitowar jarumar nan. Gyaran waya a rana, ƙin sayen sabuwar riga a sallah, har Allah Ya nufa ka samu wani ya aiko maka da ita. Sannan shekarar da ruwa ya shigo gari, muna ɗibar kaya a guje, kwalin ya faɗi, bayan littafin ya ɗan tsage, kusurwa ta lanƙwashe, baƙin launin bango ya ɗan ɓare a wurin. Da mutumin Legas ya ce zai saya, kuma zai ba ka gefe a shagonsa ka fara kasuwancinka da kuɗin, sai ka zo rumfa. Rabonka da kawo mini littafi tun kafin wancan ɗinkin. Ka ajiye shi a gabana da hannu biyu ka ce, "Baba, za ka iya rufe wannan yadda ba za a gani ba?"

Wallahi, Abba, da ka ce in ɗinke sama da ƙasa a ranar da na nemi zare. Na ga ƙofar biyan abin da na ɓata maka ta buɗe, ban tsaya tunanin komai ba. Na nemo takarda mai shara-shara, na dama sitaci na tace, na shafa da bakin gashin kaza ta ciki. Na danne kusurwar a hankali har ta kwanta. Na haɗa tawada ina gwadawa a gefe, sai da baƙinta ya zama ɗaya da na bangon, sannan na ɗiga da tsinke. Da ka zo ɗauka ka kai shi bakin ƙofa wurin haske, ka juya, ka sake juyawa, ka yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Ka ce, "Baba, ni da na san wurin ma na kasa gani."

Na ce, "Za ka dai gaya wa mutumin, ko?"

Ka ce, "Haba Baba. A wannan harkar, da an ce an taɓa littafi da gam ko tawada, darajarsa ta zube. Wanda ya tsage ma ya fi wanda aka gyara a wurinsu. Kuma can kowa haka yake yi."

Na ji tsoron in sake zama sanadin asararka karo na biyu, sai na haɗiye maganar, na ce Allah Ya sa albarka. Wannan shirun ya fi datse littattafanka muni, domin wancan cikin rashin sani na yi, wannan kuwa ina sane. Kai da bakinka ka gaya mini abin da mutumin yake biya: yana biyan littafin da hannu bai taɓa ba. Mu kuma za mu ba shi wanda hannu ya taɓa. Ko da wane suna aka kira shi a Legas, a nan sunansa algus.

Bari in ba ka labarin ragon sunanka. Na je Kasuwar Shanu da ɗan abin da na tara, wani dillali da nake gaisawa da shi ya kama hannuna ya kai ni turkensa, ya nuna mini rago cikakke, ciki ya fito. Ya ce, "Malam, wannan ko ɗana aka haifa shi zan yanka." Ashe ruwan gishiri aka ɗura masa. Kafin ranar suna ya zube, haƙarƙari a waje, sai da na sake neman wani don kada in ji kunya. Ban koma na yi masa faɗa ba, ban kai ƙara wurin shugabannin kasuwa ba. Amma ga shi kai ka yi gemu, har yau in na shiga kasuwar kewaye turkensa nake yi, kuma duk wanda ya tambaye ni wurin sayen dabba sai na ce ban da wurin wane. Shi bai ma san adadin mutanen da ya rasa ta dalilina ba. Ka ce mini masu tara komik ba su da yawa a ƙasar nan, duk sun san juna, suna hira a waya kullum. Ka kuma ce masanan can suna da wata fitila da ke tona tawadar da aka ƙara. Ranar da mutumin ya aika littafin aka dawo masa da shi da shaidar an gyara, kai da wannan sana'ar kun yi sallama tun ba ka fara ba. In kuma ba a taɓa ganewa ba, wannan ya fi ba ni tsoro, don za ka sake, kuma shagonka zai tashi a kan haka.

Kakanka yana gyara tsofaffin littattafan malamai da gara ta ci ko ruwa ya taɓa. Yana da wata al'ada da nake gani kamar ɓata lokaci ce ina yaro. Ba ya karɓar ladan aiki sai ya kama yatsan mai littafi ya ɗora a kan kowane maho, yana cewa, "Nan na sa hannu, nan ma na sa hannu, sauran na asali ne." Haka nake so ka yi. Ka fitar da littafin daga leda a gabansa. Ka nuna masa ƙarƙashin ƙarfen ƙasa, inda tsagewar take. Ka nuna masa kusurwar sama ta dama, da baƙin da ke kusa da kafaɗar jarumar. Ka ce mahaifina ne ya gyara, baduku ne a Yerwa. Sannan ka bar shi ya yi tayin da ya ga dama.

Ba zan ruɗe ka ba, zai rage kuɗi sosai, wataƙila ma ya fasa. Wataƙila maganar shagon ta rushe, ka yi ta yawo a garin da ba ka san kowa ba. Na san abin da nake roƙonka ba ƙarami ba ne, kuma na san ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya sake jawo maka asara a kan littafin nan. Idan hakan ta faru, kada ka ji kunyar kirana. Akwai filin nan na bayan gari, ban ajiye shi don kowa ba sai ku.

Akwai abin da ban gaya maka ba, na hana mahaifiyarka ma ta faɗa. Idanuna suna tafiya. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe su, na daman ya fi nisa, za a gwada aiki amma bai yi mini alkawarin komai ba. Tun bara wani nake ba wa ya zura mini zare. Gyaran littafinka da ragowar ganina na yi shi, fuskata kamar za ta taɓa takardar, hawaye na zuba ina sharewa don kada su ɗiga a kai. Na yi shekaru ina wannan sana'a, kuma ina gaya maka ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Ba na jin zan sake yin wani. Abba, kada ka bari aikin da hannuna ya rufe da shi ya zama wanda aka cuci bawan Allah da shi. Ba zan iya zuwa gaban Ubangijina da wannan ba, kuma ba ni da bakin da zan gyara shi sai naka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare maka sallarka da cikinka daga haram. Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zata ba, Ya dawo mana da kai muna raye. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka kira da zarar kun sauka. Albarkar da na sa maka a tsakar gida tana nan, ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, ba zan janye ta ba. Amma ka faɗa masa, ɗana.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Baduku